Yadda za ka fitar da sautin Phase 90 a modela

Masu jita na Katsina kun ishe ni da tambayar yadda ake fitar da sautin fedal ɗin jita na Phase 90 a modela (na'urar da ke kwaikwayon sautin amf da fedal-fedal), to ga shi sau ɗaya:

1. Buɗe sabon firiset (ma'ajiyar saitin sauti) wanda ba komai ciki.
2. Zaɓi amf (amfilifaya) mai tsaftataccen sauti.
3. Saka feza (mai sa sauti ya riƙa yin shuuu) mai mataki 4, irin MXR Phase 90 mai ruwan lemo ɗin nan, a modelar Helix sunansa Script Mod Phase.
4. Jawo shi gaban amf, ni dai nan ya fi min daɗi.
5. Mix (gaurayar ainihin sauti da na feza) ka bar shi a 50. Hattara, nan ake kwafsawa, in ka murɗa shi zuwa 100 shuuu ɗin ya tafi sai karkarwa kawai.
6. In akwai Feedback (mai sake mayar da sauti cikin feza) rage shi sosai.
7. Kaɗa waya ɗaya kana murɗa Rate (saurin shuuu ɗin) a hankali har kunnenka ya gamsu.
8. Yi sebin kafin a ɗauke wuta.