"Maganin bai karɓe ni ba": kurakuran masu shan maganin raunin tayirod

Maganar da ta fi fitowa daga bakin masu raunin tayirod a nan Jos ita ce, "Likita, maganin nan bai karɓe ni ba, a canza mini wani." In aka bi diddigi, galibi maganin daidai ne. Ko dai yadda ake shan sa ne ya kashe masa ƙarfi, ko an yi gaggawar yanke masa hukunci, ko kuma an ajiye shi an koma jiƙe-jiƙe. Kurakuran ba sa canzawa, mutanen ne kawai ke canzawa, kuma abin ya ishe ni.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, mai fitar da sinadarin da ke saita saurin aikin jiki. In ta yi rauni komai sai ya yi sanyi: kasala, yawan barci, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, taurin bayan gida, kumburin fuska, dashewar murya, zubewar gashi, rikicewar al'ada ga mata, jin sanyi da bushewar fata. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ke ɓoyewa a garin nan, don duk wanda ya ce yana jin sanyi a Jos sai a ce masa hunturu ne, ya ƙara rigar sanyi. Maganin da ake bayarwa shi ne Levothyroxine, wato kwafin sinadarin da jiki ya gaza samarwa. Euthyrox da Eltroxin sunayen kamfani ne, abin da ke ciki ɗaya ne.

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin a kai ga kantin magani: ɗaukar cewa maƙoƙo cuta ɗaya ce. Wuya yana kumbura ga mai raunin tayirod, yana kumbura ga wanda tasa ke aiki fiye da kima, yana kuma kumbura ga wanda tasa ke aiki daidai. Carbimazole na masu aiki fiye da kima ne, aikinsa rage ƙarfin tayirod. Mai rauni in ta karɓi ragowar na maƙwabciya don "ai ciwonmu ɗaya", ta ƙara danne abin da dama yake kwance. Gwajin jini ne kaɗai ke rabewa, wato TSH da free T4, shi free T4 ma'aunin sinadarin tayirod ɗin kansa ne da ke yawo a jini. Kuma a koyi karanta shi: TSH kira ne da ƙwaƙwalwa ke yi wa tayirod, in ta yi nawa sai a ɗaga murya. Saboda haka TSH mai yawa na nufin ƙarancin sinadari, ba yawansa ba. A yawancin ɗakunan gwaji ma'aunin lafiya yana tsakanin 0.4 da 4.0.

Yanzu ga wanda ya fi cin kuɗin mutane da lokacinsu. Levothyroxine ƙwaya ce mai kishi, ba ta son abokin zama a ciki. A hanji ake tsotse ta, kuma abubuwa da yawa suna manne mata su fita da ita ba tare da ta shiga jini ba. Amma sai ka ga mutum ya tashi da safe ya haɗa shayi da madara mai kauri, ya jefa ƙwayar ya kora da shi, ya bi da burodi. Wata kuma da koko da ƙosai. Wata ta tara duk magungunanta a tafin hannu, na ƙarin jini, na ƙashi, na gyambon ciki, ta watsa baki lokaci guda don ta huta. Bayan wata biyu gwaji ya nuna TSH bai sauka ba, likita ya ƙara adadi, a sake kashe kuɗin gwaji, a sake ƙarawa, mai ciwo tana ta cewa maganin jabu ne. Haba jama'a! An rubuta a takardar cikin kwalin, an faɗa a asibiti, an maimaita a wurin karɓar magani, amma shayin safe ya fi ƙarfin kowa.

Ƙa'idar ita ce a sha da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin a ci ko a sha wani abu. Ni awa ɗaya cur nake cewa, domin wanda aka ce wa minti 30 zai yi 15. Hanyar da na fi so: a ajiye ƙwayar da kofin ruwa kusa da shimfiɗa, a sha da tashin asuba, kafin a yi alwala a yi salla a gama azkar a ɗora ruwan zafi lokaci ya cika. Wanda safiya ba ta yi masa ba ya sha da dare in zai kwanta, amma sai an yi awa 3 da cin abincin ƙarshe. A zaɓi lokaci ɗaya a tsaya a kai. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, kalsiyam, haɗaɗɗun bitamin masu ɗauke da su, da farin ruwan maganin ƙwannafi da ake kira Mist Mag da ire-irensa, duk sai an ba su tazarar awa 4. In an sha na tayirod ƙarfe biyar na asuba, waɗannan su bari sai bayan azahar, shi ke nan. Kofi ma yana rage shigarsa. Waken suya haka, don haka awara da madarar waken suya a kai su can cikin yini. Omeprazole na gyambon ciki kuwa yana rage tsamin ciki da ƙwayar ke buƙata ta narke, mai shan sa kullum ya gaya wa likita don a sa ido a gwaji.

Sai rashin haƙuri. Maganin nan yana ɗaukar kusan kwana 7 kafin rabin abin da aka sha ya bar jiki, shi ya sa yake buƙatar makonni kafin ya daidaita a jini. Gwajin da aka yi mako biyu bayan canza adadi asarar kuɗi ce. A jira mako 6 zuwa 8. Babba mai lafiyar zuciya wanda tayirod ɗinsa ta daina aiki gaba ɗaya yakan buƙaci kusan mikirogiram 1.6 kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 60 zai tsaya kusa da 100 a rana. Tsoho ko mai ciwon zuciya ba a fara masa da haka, ana farawa da 25 ko ƙasa da haka a hau a hankali, don zuciyar da ta saba tafiyar hawainiya ba ta son a zabure ta. Ƙari ko ragi yakan zama 12.5 ko 25 ne a lokaci guda, kuma aikin likita ne. Wanda ya ninka wa kansa don ya ji ƙarfi, ko matar da ta ƙara don ta rame, abin da ke biyo baya shi ne bugun zuciya da sauri, rawar hannu, zufa, rashin barci, in aka daɗe kuma bugun zuciya ya rikice, ƙashi ya zaizaye.

Kuskuren da ke ɓata mini rai fiye da kowanne shi ne ajiye magani, musamman ga mai juna biyu. Mutum ya sha wata uku, kumburin fuska ya saɓe, jiki ya yi sauƙi, sai ya ce ya warke. Sauƙin nan ƙwayar ce ta kawo shi. Wanda aka cire wa tayirod a tiyata, da wanda garkuwar jikinsa ta cinye ta, wato cutar Hashimoto, shan magani ne har ƙarshen rayuwa. Da yake maganin ba ya barin jiki da wuri, satin farko da na biyu ba a jin komai, sai a ƙara yarda cewa an rabu da ciwon. Akwai raunin da ke zuwa bayan haihuwa wanda yakan wuce da kansa, amma gwaji ne zai faɗi haka, ba jin jiki ba.

'Yar'uwa, in kin ga ɓatan wata, ranar nan ce ranar neman likitanki, ba ranar ɓoye kwalin magani ba. Na san abin da ake faɗa a gida: mai ciki ba ta shan ƙwaya, za ta taɓa jinjiri. Hajiya uwar miji, da girmanki, a nan kam kin yi kuskure. A watanni uku na farko ɗan tayi ba shi da tayirod mai aiki, da sinadarin uwarsa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Uwa ta daina sha, an yanke masa hanya ke nan, ga haɗarin ɓari, haihuwa kafin lokaci da hawan jinin masu ciki. Buƙata ma ƙaruwa take yi, da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Hanyar da likitoci suka saba ita ce a ƙara ƙwaya biyu a mako, wato tara maimakon bakwai, da zarar an tabbatar da cikin, a kuma riƙa gwada TSH duk mako 4 har zuwa tsakiyar cikin. Ki tsara wannan da likitanki tun kina neman haihuwa, ya sauko miki da TSH ƙasa da 2.5 kafin ki ɗauka. Sannan ga tarkon da ke jiran kowa a wurin awo: za a ba ki jan maganin ƙarin jini, wataƙila da kalsiyam. Ki karɓa ki sha, suna da amfani, amma da rana ko da dare, nesa da na tayirod. Ki kuma faɗa wa ungozoma da bakinki cewa kina shan Levothyroxine, kar ki ce ai yana cikin kati. Bayan haihuwa akan koma adadin da ake sha kafin ciki, a yi gwaji a mako na 6. Shayarwa ba ta hana shan sa.

Sauran ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Canza kamfani duk wata saboda wanda aka samu ke nan: a riƙe ɗaya, in dole ta sa aka canza a sake gwaji bayan mako 6. Aiken yaro ya sayo "maganin maƙoƙo" da baki: a ba shi tsohon kwalin, a duba lambar da ke gaban mcg, wato mikirogiram, 50 ce ko 100, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma a saya a kantin magani mai rajista. Ajiya a kicin, banɗaki ko aljihun mota: zafi da danshi da haske suna rage masa ƙarfi, a bar shi cikin ledarsa a ɗaki mai sanyi. Ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu Biotin suna ruɗa na'urar gwaji, a dakatar da su aƙalla kwana 2 kafin a ba da jini. Ranar gwaji ni nakan ce a je da safe, a ba da jinin sannan a haɗiyi ƙwayar, kuma a riƙe ɗakin gwaji ɗaya. In an manta, a sha da zarar an tuna a wannan ranar.

Aidin kuma. Gaskiya ne ƙarancinsa yana kawo maƙoƙo, kuma Filato na cikin wuraren da aka san su da shi a da, shi ya sa ake sa shi a gishiri. Amma gishirin leda mai aidin ya wadatar. Ɗirkar ƙwayoyin aidin ko na ciyawar teku ba ya farfaɗo da tayirod da Hashimoto ta lalata, yakan ma ƙara dagula ta. Kabejin da ake hana mutane ci, alhali a garin kabeji muke, dafaffe daidai cin mutum ba ya hana magani aiki.

Da azumi ba a ajiyewa. Ko a tashi minti 30 zuwa 60 kafin sahur a sha da ruwa, ko a sha bayan tarawihi in an yi awa 3 ba a ci komai ba. Haɗa shi da kunun buɗa-baki shi ne wannan kuskuren shayin ya dawo da sabuwar riga.

To, in an kiyaye duk wannan, TSH ya daidaita, amma gajiya ta ƙi tafiya fa? Kafin a zargi ƙwayar a duba ƙarancin jini, ciwon suga, ƙarancin bitamin B12, damuwa, da minsharin da ke katse numfashi cikin barci. Masu karance-karance a intanet sukan zo da neman T3, wato wani nau'in sinadarin tayirod, ko "na asali", irin Armour Thyroid. Wannan na ƙarshen daga busasshiyar tayirod ɗin alade ake yin sa, a san da haka, kuma ba a ba mai ciki. T3 yana da 'yan tsirarun da ƙwararren likita zai iya gwada musu, ba abin oda ta waya ba ne. A kuma faɗi duk maganin da ake sha: Rifampicin na tarin fuka, Carbamazepine da Phenytoin na farfaɗiya, da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu estrojin duk suna ƙara buƙata, mai shan Warfarin na hana daskarewar jini kuma sai an sake saita masa nasa.

Akwai mace ɗaya da ba a bi da ita da TSH: wadda ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, daga nan ruwan nono bai zo ba, al'ada ta ɗauke, kasala ta kwantar da ita. A wurinta matsalar tana iya zama a 'yar ƙwayar ƙasan ƙwaƙwalwa mai fitar da TSH ɗin kansa, sai gwajin ya fito kamar lafiya alhali free T4 yana ƙasa. Irin wannan ba a fara mata Levothyroxine sai an auna sinadarin kotisol, wanda shi ma wannan 'yar ƙwayar ce ke ba da umarnin samar da shi, don in shi ma ya yi ƙasa maganin tayirod kaɗai yana iya kayar da ita. A nemi takardar tura ta wurin likitan sinadaran jiki, kamar a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ta tafi da duk tsofaffin sakamakon gwajinta da kwalayen magungunan da take sha.