Yadda ake zaɓen ƙaramar sifika mai inganci don jin waƙa a gida

Yawancin masu shiga kasuwa neman sifika, abin da suke fara cewa mai shago shi ne ya ƙure musu ƙararta. Idan ta girgiza kanta, sai a biya. Wannan gwaji ya dace da mai neman kayan biki ko na majalisa. Wanda kuwa zai zuba kuɗi masu nauyi a kan 'yar ƙaramar sifika mai karɓar waƙa ta Bluetooth ko WiFi don ya zauna a ɗakinsa bayan isha ya ji waƙa ko karatu, abin da yake nema daban ne: sauti mai tsabta ko da an rage murya. Ga yadda nake bi idan zan saya ko zan raka wani.

Mataki na 1: Fara da wutar gidanka

Sifikun nan iri biyu ne. Akwai masu zama a soket, irin Sonos Era 100 da Marshall Acton III, waɗanda ba su da batir ko kaɗan, ana ɗauke wuta suke yin shiru. Akwai kuma masu batir: kamfanin Bose ya ce SoundLink Flex tana kai awa 12, JBL Charge 5 awa 20, Marshall Emberton II kuma awa 30. Waɗannan awannin a matsakaiciyar murya aka auna su, idan ka ƙure za su ragu sosai.

Masu zama a soket sukan fi cikar sauti, saboda akwatinsu ya fi girma kuma ba sa tattalin wuta. Idan kana da sola ko inbata, su nake ba da shawara. Idan kuwa wutar unguwarku sai an ga dama, ɗauki mai batir ka huta. Kafin ka jona kowace, duba bayanta ko jikin cajarta ka ga an rubuta 100–240V. Wutar Najeriya da Nijar tana wajen 220 zuwa 230, ta Amurka 120, kuma kayan da aka yi don can kaɗai kan ƙone a jonawar farko.

Mataki na 2: Duba wayarka da inda waƙoƙinka suke

Nan ne mutane da yawa ke yin asara. HomePod mini ta Apple, wadda ta fito a 2020, ba ta karɓar waƙa ta Bluetooth, kuma sai da iPhone ko iPad ake saita ta. Mai riƙe da Tecno ko Samsung ba shi da abin yi da ita.

Idan waƙoƙinka suna cikin waya, waɗanda ka sauke ko aka tura maka, Bluetooth kake buƙata. Yana aiki ba data, yana kai wajen mita 10, sai dai bangon siminti na rage shi, kuma duk saƙon da ya shigo wayar sai ka ji shi a sifikar. Idan kuwa kana da WiFi a gida kuma ta Spotify, manhajar jin waƙa ta intanet, kake sauraro, nemi mai Spotify Connect. Ita sifikar ce ke jawo waƙar daga intanet da kanta, ko an kira ka, ko ka fita tsakar gida da wayar, waƙa ba ta yankewa. Masu iPhone su nemi mai AirPlay 2, hanyar Apple ta tura sauti zuwa sifika ta WiFi.

Za ka ga ana rubuta SBC, AAC, aptX ko LDAC a jikin kwali. Hanyoyi ne na matse sauti a tura shi ta Bluetooth. Kowace na'ura tana da SBC, iPhone na amfani da AAC, ba ta san aptX ko LDAC ba. A kan sifika mai girman kwanon sha, bambancinsu ƙalilan ne, kada ka ƙara kuɗi dominsu. Abin da ya fi muhimmanci ka sani shi ne yawancin masu tsadar nan ba su da gurbin memori ko rediyon FM irin na MP ɗin da muka saba. Mai son jin labaran safe a rediyo ya tambaya tun a shago.

Mataki na 3: Kada lambar wat ta ruɗe ka

Kwalin da aka rubuta wa 2000W PMPO talla ce kawai. Lambar da ke da ma'ana ita ce RMS, wato ƙarfin da sifikar ke iya bayarwa a ɗore, kuma ko ita ba ta faɗin daɗin sauti. Ninka wat sau biyu na ƙara dB 3 ne kacal a ma'aunin ƙarar sauti, sai an ninka kusan sau 10 kafin kunne ya ji ƙarar ta ninku. Wat 20 zuwa 40 na gaskiya sun ishi falo.

Mataki na 4: Saurara da kunnenka, da waƙarka

Wannan ne matakin da ya fi kowane, kuma shi aka fi yi wa gaggawa. Tafi da abubuwa uku a wayarka waɗanda ka san su kamar yunwar cikinka: karatu ko magana ta murya zalla, kiɗan gargajiya mai kalangu ko kuntigi, da waƙar zamani mai nauyin bes, wato amon nan mai kauri. Kada ka yarda da waƙar mai shago, ya riga ya san wadda ke yi wa kayansa kwalliya.

Fara da muryar, ka rage ƙara zuwa yadda za ka ji da dare yara na barci. Shin haruffa na fita, kana bambance sin da shin? Ko muryar kamar daga cikin tulu take fitowa? Sifika mai kyau a nan ake gane ta.

Sai kalangu. Na taɓa jera sifiku biyu a kan kantar wani shago, farashinsu kusan ɗaya, na sa kiɗa guda. A ta farko kalangun ya zama dum-dum kawai, ya haɗe da ganga, ya danne 'yan amshi. A ta biyu sai na ji lokacin da makaɗin ke matse tsarkiya a hammata, amon ya hau, ya sake ta ya sauko, har da ɗan bugun yatsunsa a kan fata. Ta farkon ta fi cika shagon da ƙara, yaron shagon ma ita yake ta nuna mini. Ta biyun na saya, yau shekara uku ke nan tana kan teburina.

A ƙarshe sa mai bes ɗin ka ɗaga murya zuwa kashi uku cikin huɗu. Ƙaramin akwati ba ya iya fitar da amo mai zurfi sosai, yawancinsu a wajen 60Hz na ma'aunin zurfin amo suke tsayawa, don haka ake sa musu wani faifai marar wuta da iskar ciki ke kaɗawa ya ƙara nauyin amon. Wasu kuma da ka ɗaga murya sai su janye bes ɗin da kansu don kada su fashe. Wannan ba laifi ba ne. Laifi shi ne kakkarwar roba, ko kaifin da ke sa kunne ya gaji cikin minti biyar.

Ka kuma sani yawancin ƙananan nan sautinsu daga wuri ɗaya yake fita. Mai son jin hagu da dama sosai sai ya sayi biyu iri ɗaya ya haɗa su ta manhaja.

Mataki na 5: Ƙura da zafi

Lambar IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. IPX7 kuwa ruwa kaɗai aka gwada. A ƙasar da hunturu ke lulluɓe komai da ƙura, wannan 6 ɗin ya fi 7 amfani. Batir kuma ba ya son zafi, kada a bar ta a taga ko cikin mota a watan Afrilu.

Mataki na 6: Tabbatar ba jabu ba ce

Sanannun sunaye su aka fi kwaikwaya, kwali da tambari duk iri ɗaya. Tun kana shagon sauke manhajar kamfanin, misali JBL Portable ko ta Bose, ka haɗa. Ta asali za ta bayyana da sunanta da yawan cajinta, jabu yawanci ba ta fitowa. Ɗaga ta ka ji, ta asali tana da nauyi saboda maganaɗisu da batir. Gwada lambar jikinta da ta kwali, ka karɓi rasit, ku yi magana a kan kwanakin da za ka iya dawo da ita. Idan ta hannu ce, bar ta tana kiɗa minti 20 ka ga yadda cajin ke sauka.

Mataki na 7: Nema mata wurin zama

Da ka kai gida, kada ka ajiye ta a ƙasa ko ka cusa ta cikin shokes tsakanin kwanuka. Ɗora ta daidai tsayin kunnenka idan kana zaune, a kan abu mai ƙarfi da ba ya rawa. Matsar da ita kusa da bango bes ya ƙaru, a kusurwa ya ƙaru fiye da haka har ya iya dagula murya. Fara da tazarar taƙi ɗaya daga bango, ka riƙa matsarwa kana sauraron karatun nan da ka gwada a shago. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana amsa kuwwa, kafet da labule na shanye ta. Idan taka Sonos ce, manhajarta na da Trueplay mai auna ɗakin ya daidaita sautin, sai ka sake yin sa duk lokacin da ka sauya mata wuri.