Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora adon ginin Girka da Rum a kan gidaje

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Abuja, Kano ko Kaduna zai ga yadda ginshiƙai masu adon ganye a ka suka zama ruwan dare a gaban manyan gidaje, tare da silin da aka zagaye da jerin ƙananan haƙora da siffar ƙwai. Wannan ado gado ne daga maginan tsohuwar Girka da daular Rum, waɗanda suka ɗaure kowane yankinsa da awo da kuma aikin da yake yi a jikin gini. Yawancin kurakuran da ake gani a yau suna faruwa ne saboda an ɗauko adon shi kaɗai, an bar awon a baya.

Kuskure mafi girma, wanda ido ke fara kamawa tun daga bakin titi, shi ne sirantar da ginshiƙi. Salon ginshiƙan nan guda biyar ne: Girkawa sun kawo Dorik da Ayonik da Korintiya, Rumawa suka ƙara Tuskan da wani haɗaɗɗe mai ganyen Korintiya da naɗin Ayonik. A kowannensu, kaurin gindin ginshiƙi shi ne ma'aunin da ake auna komai da shi. Ƙa'idar da maginin Italiya Vignola ya tsara a 1562, wadda har yau ita aka fi koyarwa, ta ce tsawon ginshiƙin Tuskan ya zama ninki 7 na kaurinsa, Dorik ninki 8, Ayonik ninki 9, Korintiya da haɗaɗɗen kuma ninki 10. Girkawan farko ma sun fi haka son kauri, domin ginshiƙan haikalin Parthenon da aka gina a Atina tsakanin 447 da 432 kafin Miladiyya sun ɗan haura mita 10 a tsawo, kaurinsu kuwa ya kusa mita 2. Idan aka ɗauki wannan lissafi, ginshiƙin Korintiya mai tsawon mita 6, irin wanda ake tsayarwa a gaban bene, yana buƙatar kaurin santimita 60, amma sau da yawa rabin haka ake zuba masa, saboda mazubin da ke hannun mai aiki ke nan. Gyaran ba ya buƙatar rushe komai. Ana barin kankaren da rodin da ke ɗauke da nauyi yadda suke, a zagaye su da bulo ko a lulluɓe su da ƙirarren ɓawo har kaurin ya kai, sannan a sake kai da gindi daidai da sabon awon.

Daga nan sai miƙewar gangar jiki. Ginshiƙin da kaurinsa ɗaya ne daga ƙasa har sama bututu ne kawai, ko da an ɗora masa ganyen duniya. Na asali yana tsukewa a hankali yayin da yake hawa, har wuyansa ya koma kamar kashi 5 cikin 6 na kaurin gindi, kuma tsukewar ba a miƙe take ba, da ɗan lanƙwasa take tafiya. Hanyar da aka saba bi ita ce a bar kashi ɗaya cikin uku na ƙasa a miƙe, a fara ragewa daga nan. Wasu masu zuba ginshiƙi sun ji labarin lanƙwasar sai suka wuce gona da iri, suka kumbura tsakiya suka tsuke gindi, wanda shi ma ɓata aikin ne.

Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne yadda ake wofintar da ɗamarar da ke kwance a kan ginshiƙai. A ginin Girka da Rum ginshiƙi ba ya taɓa rufi kai tsaye. Akwai hawa uku tsakaninsu: linta da ke kwance a kan kawunan ginshiƙan, sai shimfiɗaɗɗen fili da ake yi wa sassaƙa, sai leɓen da ya turo waje don kare bango daga ruwan sama. Tsayin ukun a haɗe kusan rubu'in tsawon ginshiƙi ne, wato ginshiƙi mai mita 3 yana neman ɗamara mai santimita 75. A gidaje da dama sai ka tarar kan ginshiƙi ya nutse cikin silin, ko kuma an ɗora masa lintar da ta fi shi faɗi nesa ba kusa ba, har ganyen ya ɓuya a ƙarƙashinta. Ƙa'idar mai sauƙi ce: fuskar linta ta daidaita da wuyan ginshiƙi, ta yadda kan zai turo waje ta kowane gefe. Wannan abu ne da ake warwarewa a kan takarda kafin a kafa katakon zubi, domin bayan kankare ya bushe gyaransa yana da tsada.

Cakuɗa salo kuwa ba haramun ba ne, amma yana da tsari. A Colosseum, babban filin wasanni na birnin Rum, wanda aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, mai kauri da ƙarancin ado ne a hawan ƙasa, Ayonik a na biyu, Korintiya a na uku, saboda mai ƙarfi shi ya kamata ya ɗauki mai laushi. Juya wannan tsari, ko haɗa salo biyu a layi ɗaya, kuskure ne. Haka nan adadin ginshiƙan gaba ya zama biyu, huɗu, shida ko takwas, don ƙofa ta faɗo a tsakiyar fili, kada ginshiƙi ya tsaya a gabanta.

Ƙananan adon ma kowanne da mazauninsa. Vitruvius, maginin Rum da ya yi rubutu a zamanin sarki Augustus, ya bayyana cewa da yawansu kwaikwayon aikin katako ne da aka mayar dutse. Haƙoran nan da ake jerawa suna wakiltar bakin ƙananan itatuwan rufi, kamar yadda bakin azara kan leƙo daga jikin soro, shi ya sa wurinsu ƙarƙashin leɓen rufi ne. Jera su a gindin bango ko a kewayen taga ta ko'ina yana raba su da ma'anarsu. Allunan nan masu tsaga a tsaye da ake jerawa a filin ɗamarar salon Dorik suna wakiltar bakin manyan katakai, don haka dole ɗaya ya zauna daidai kan kowane ginshiƙi, da ɗigo shida a ƙarƙashinsa. Adon ƙwai da mashi yana hawa kan gefe mai tudu ne, wanda ya yi daidai da kumburin ƙwan, jerin duwatsun carbi kuma kan siririn zobe, shi kuwa zanen nan mai kusurwa-kusurwa da ake kira makullin Girka fili shimfiɗaɗɗe yake so. Wajen tsagogin jikin ginshiƙi, Dorik 20 yake ɗauka masu kaifin baki, Ayonik da Korintiya 24 da ɗan fili tsakaninsu, kuma idan mai aiki ba zai iya fitar da su sumul ba gara a bar jikin haka nan. Ginshiƙai 16 da ke gaban haikalin Pantheon na birnin Rum, waɗanda aka sassaƙo daga duwatsun Masar, ba su da tsaga ko ɗaya.

Saura batun fenti. An daɗe ana zaton gine-ginen Girka farare ne fat, alhali ragowar launin da aka gano a jikin duwatsun ya nuna an shafa musu shuɗi da ja, musamman a ɗamarar sama. Saboda haka launi ba laifi ba ne. Laifin shi ne malala ruwan gwal ko fenti mai kauri a kan ganyen Korintiya har ya cike ramukan sassaƙar, domin inuwar da ke faɗawa cikin ramukan nan ita ke fito da ganyen daga nesa. Inda hakan ta riga ta faru, sai a kankare tsohon fentin da burushin waya mai laushi, a shafa siriri marar ƙyalli hannu biyu, a kuma taƙaita launi mai ƙarfi ga filin da ke bayan sassaƙar.