Yadda Ake Shirin Zuwa Ɗaukar Hoton Yatsu Yayin Neman Izinin Shiga Wata Ƙasa

Duk wanda ya shigar da takardun neman biza, ko izinin zama, ko zama ɗan ƙasa a Amurka, Kanada, Birtaniya ko ƙasashen yankin Shengen na Turai, yawanci akwai matakin da za a buƙaci ya je da ƙafarsa a ɗauki hoton yatsunsa da na fuskarsa, a wasu wuraren kuma har da sa hannunsa. Mutane da yawa sukan ɗauka wannan zuwan ganawa ce da jami'in da zai yanke hukunci, har su kwana suna bitar amsoshi, alhali ba abin da za a yi ke nan ba. Ma'aikacin da zai karɓe ka ba shi da ikon ba ka biza ko hana ka. Aikinsa shi ne ya tabbatar cewa mutumin da ke gabansa shi ne mai takardun, ya ɗauki bayanan, ya tura wa hukuma, ita kuma ta yi amfani da su wajen bincike. A Amurka, alal misali, ana tura hoton yatsun ga hukumar binciken manyan laifuka ta FBI domin a duba ko mutum yana da tarihin aikata laifi. Saboda haka shirin da ake buƙata ya ta'allaƙa ne a kan takardar gayyata, da shaidar da za ka nuna, da lafiyar yatsunka.

Ka fara da takardar gayyatar, ka karanta ta daga farko har ƙarshe, domin ƙasashen sun bambanta a kan wanda yake zaɓar ranar. Ga mai nema daga cikin Amurka, hukumar shige da fice ta ƙasar, wato USCIS, ita take tsayar da rana da lokaci da cibiyar da za ka je, ta aiko maka a takarda mai lamba I-797C. Kanada kuwa takan aiko da wasiƙar umarni bayan an biya kuɗin ɗaukar hoton yatsun, ta ba ka kwana 30 ka nemi rana da kanka a cibiyar da aka amince da ita, kuma idan ka je ba tare da wasiƙar ba ba za a saurare ka ba. Birtaniya da ƙasashen Shengen sun fi damƙa wannan aiki a hannun kamfanoni irin su VFS Global da TLScontact, inda mutum yake zaɓar rana ta intanet bayan ya cike fom. A shafin kamfanin ko na hukumar kaɗai ya kamata ka nemi ranar, kada ka miƙa bayanan fasfonka ga dillalan da ke cewa suna da hanyar samo maka gurbi da wuri.

Yayin karanta takardar, ka ajiye fasfonka a gefe ka gwada su harafi da harafi: sunanka, da jerin yadda aka rubuta shi, da ranar haihuwa, da lambar neman da aka ba ka. Harafi ɗaya da ya sauya a suna, ko rana da wata da suka musanya gurbi, abu ne da ya fi sauƙin gyarawa a wannan matakin, domin idan aka buga katin izininka da kuskuren sai an sake bin dogon layi kafin a canza shi. Idan ka ga kuskure, ka sanar da hukumar tun kafin ranar, sannan ka sake nuna wa ma'aikacin idan ka je. Wanda yake jiran takardar ta gidan waya kuma ya tabbatar hukuma tana da adireshinsa na yanzu. Dokar Amurka ta wajabta wa mafi yawan baƙi su sanar da sauya gida cikin kwana 10, kuma hukuma ba ta cika karɓar uzurin wanda bai sanar ba, takardarsa ta tafi tsohon gida. Wanda ake aiko wa ta imel ya riƙa leƙa akwatin saƙonnin da ba a so, don a can wasiƙa mai muhimmanci takan maƙale.

A ganina babu kuskuren da ya kai rashin zuwa tsada. A tsarin Amurka, idan mutum bai bayyana ba kuma bai nemi a ɗage masa ba, hukuma tana iya ɗauka ya yi watsi da nemansa ta ƙi amincewa da shi, kuɗin da ya biya kuma ba ya dawowa. Idan rashin lafiya, ko rasuwa, ko wata tafiya da ba makawa ta faɗo a ranar, ka nemi ɗagewa kafin lokacin ya yi, ta hanyar da takardar ta bayyana, ka faɗi dalilinka, ka kuma adana shaidar cewa ka nema. Sai dai ɗagewa tana jinkirta komai, domin ba a ci gaba da duba takardunka sai an kammala wannan matakin, don haka idan uzurin wanda za a iya kauce masa ne, gara a kauce masa.

Abin da za ka riƙe bai da yawa. Akwai takardar gayyatar, wadda ya kyautu ka buga ta a takarda maimakon dogaro da waya, tunda wasu cibiyoyin ba sa barin a kunna waya a ciki. Akwai fasfo ko wata shaida mai hoto da gwamnati ta bayar, ta ainihi wadda wa'adinta bai ƙare ba, domin kwafi ba ya wadatarwa. Idan an aiko maka da takardun gayyata fiye da ɗaya saboda ka shigar da nema iri biyu, ka tafi da su duka. Idan sunanka ya sauya saboda aure ko hukuncin kotu, ka haɗa da takardar da ta nuna haka.

Batun yatsu ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne aka fi samun tangarɗa, kuma nan ne shirin yake farawa makonni kafin ranar. Na'urar tana karanta siraran layukan da ke kan fatar yatsa ne ta cikin gilashi, saboda haka duk abin da ya rufe layukan ko ya shafe su yana hana ta aiki. Lalle yana cikin abubuwan da cibiyoyin neman biza suke gargaɗi a kansu ƙarara, kuma tun da yakan ɗauki makonni kafin ya goge, wadda take jiran gayyata ta haƙura da shi a kan yatsu har sai an gama. Haka tawada, da fenti, da gam. Yanka ko ƙuna a kan yatsa yakan sa a ce mutum ya koma sai ya warke, don haka idan ka ji rauni ana saura kwanaki kaɗan, ka tuntuɓi cibiyar maimakon ka je a mayar da kai. Wanda ya rasa yatsa ko yake da nakasa ta dindindin ba ya rasa damarsa, ana rubuta haka a bayanansa a ɗauki na sauran, kuma takardar likita tana sauƙaƙa bayani.

Akwai kuma waɗanda layukan yatsunsu suka sude ba tare da sun sani ba: magina da ke taɓa siminti, masu wanki da wanke-wanke da sabulu mai ƙarfi, ma'aikatan jinya da ke wanke hannu ba iyaka, da tsofaffi waɗanda fatarsu ta yi laushi. Idan kana cikin waɗannan, ka riƙa sa safar hannu a wurin aiki na mako ɗaya ko biyu kafin ranar, kana shafa mai da dare domin fatar ta daina tsagewa. Amma a safiyar ranar kada ka lafta mai, domin maiƙo yana dusashe hoton kamar yadda bushewa take yi. Ka wanke hannu, ka tsane shi sosai. Mai yawan gumin hannu ya riƙe hankici.

Hoton fuska ba shi da wahala. Ana son fuska ta fito sarai daga goshi zuwa haɓa, ba tare da hular kwalliya ko baƙin tabarau ba, kuma ana iya cewa ka cire ko da tabaran ƙara gani ne. Rufe kai saboda addini ko lalura an yarda da shi muddin bai rufe fuska ba, kuma wadda take son mace ce ta ɗauke ta hoto ko a keɓe mata wuri tana iya tambaya. Ka tuna cewa wannan hoton yana iya zama wanda zai fito a katinka na shekaru.

Yara suna da nasu hukuncin, wanda ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kanada ba ta ɗaukar bayanan yaron da bai kai shekara 14 ba, haka ma wanda ya haura 79 in ba mai neman mafaka ba ne. A bizar Shengen ba a ɗaukar yatsun yaron da bai kai 12 ba, Birtaniya kuwa hoton fuska kaɗai take ɗauka ga wanda bai kai 5 ba. Kada ka yanke hukunci da kanka cewa ɗanka ba ya buƙatar zuwa. Idan an aiko takarda da sunansa, ka kai shi, kuma babba ya raka shi.

A ranar, ka isa da kamar minti goma sha biyar kafin lokaci. Sammakon sa'o'i biyu ba ya sa a gan ka da wuri, domin yawancin cibiyoyin ba sa shigar da mutum sai lokacinsa ya kusa. Za a bincike ka a ƙofa, don haka ka rage kaya, ka bar wuƙa ko almakashi a gida. Ba a cika barin 'yan rakiya su shiga ba sai ga yaro, ko mai nakasa, ko wanda yake buƙatar tafinta. Idan aka kira lambarka, ma'aikacin zai duba fuskarka da fasfonka, sannan ya ce ka ɗora yatsu huɗu na hannu ɗaya a kan gilashin, sai huɗu na ɗayan, sai manyan yatsu biyu tare. A wasu wuraren kuma yakan riƙe kowane yatsa ya mirgina shi daga gefe zuwa gefe. Ka saki hannunka ya sarrafa shi. Danna gilashin da ƙarfi yana baje layukan su haɗe, kuma shi ne yake sa na'urar ta ƙi karɓa a yi ta maimaitawa. Idan komai ya tafi daidai, aikin kansa 'yan mintoci ne, jiran layi ne yake cin lokaci.

Kafin ka sa hannu, ka san abin da kake sa wa hannu. A Amurka wannan sa hannun rantsuwa ce cewa duk abin da ke cikin takardun nemanka gaskiya ne kuma ka fahimce shi, ko da wani ne ya cike maka fom ɗin. Saboda haka ka sake karanta kwafin abin da aka shigar da sunanka tun kana gida. Wanda aka taɓa kamawa, ko aka taɓa hana shi biza, ko ya taɓa amfani da wani suna, ya ga lauyan shige da fice kafin ranar, domin hoton yatsu yana fito da abin da aka ɓoye, kuma ƙarya a takardun nema takan jawo hukuncin da ya fi na ainihin laifin tsanani. Ma'aikacin cibiyar ba zai ba ka shawara a kan wannan ba, kuma ba zai iya gaya maka inda takardunka suka kwana ba.

Idan an gama, za a buga hatimi a takardar gayyatarka ko a ba ka rasit. Ka duba sunanka a jiki kafin ka fita, ka ɗauki hotonsa da waya, ka adana na ainihin, domin shi ne hujjarka idan aka ce ba ka zo ba. Zai kuma yi maka amfani nan gaba: Kanada tana amfani da bayanan mai neman bizar ziyara, karatu ko aiki har shekara 10, yankin Shengen kuma wata 59, ta yadda mai sake nema a cikin wannan wa'adin sau da yawa ba sai an sake ɗaukar yatsunsa ba. Idan kuma wata takardar gayyata ta biyo baya, yawanci hoton farko ne bai karantu ba, ko wa'adin binciken ya ƙare kafin a yanke hukunci, sai ka sake zuwa a ranar da aka sa. A Amurka, idan aka gwada sau biyu yatsun suka ƙi karantuwa, akan nemi mutum ya kawo takardar shaidar 'yan sanda daga wuraren da ya zauna a madadinsu, don haka mai sudaddun yatsu ya tanadi jerin adiresoshinsa na baya da shekarun da ya yi a kowanne.