Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Neman Shawarar Masu Ɗaukar Aiki a Cibiyoyin Koyon Sana'a na Kebbi

Da yawa daga cikin cibiyoyin koyar da matasa sana'a a jihar Kebbi, na gwamnati ne ko na ɗan siyasa ko na wata ƙungiya, za su ce maka suna "tuntuɓar masu ruwa da tsaki". In ka bi diddigi sai ka tarar tuntuɓar ba ta wuce katin gayyata zuwa bikin yaye ɗalibai ba. Mai masana'anta ya zo, a ba shi kujerar gaba, ya miƙa wa yara takardar shaida da keken ɗinki, a ɗauki hoto, ya shiga mota. A lokacin an riga an zaɓi sana'o'in, an sayi injina, kuɗin ya ƙare. Duk shawarar da zai bayar ranar ihu ce bayan hari. Gyaran wannan ba shi da wuya: a zauna da masu ɗaukar aiki tun kafin a rubuta jerin kayan da za a saya, domin kayan da ke cikin ɗakin koyo su ne manhajar gaskiya, ba abin da ke rubuce a takarda ba.

Sai kuma wanda ake gayyata. An saba aika wa Alhaji mai kamfani ko manajansa wasiƙa, saboda sunansa ne zai ƙawata takardar kwamiti. Amma Alhaji ya san farashin buhun shanshera da bashin banki ne. Wanda ya san abin da sabon yaro ke kasa yi a makonsa na farko shi ne mai kula da injina, wanda ake tasa da tsakar dare idan bel ya tsinke. Shi ya kamata a nema, ko da kuwa sai an roƙi maigidansa ya sake shi na awa biyu. Haka nan manyan kamfanoni ba su ne suka fi kwasar matasa ba. Gareji, shagon walda, shagon kafinta, ƙananan injinan casa a garuruwa irin su Jega da Kamba da Yawuri, nan ne yawancin yaran za su ƙare. Shugabannin ƙungiyar makanikai da ta masu walda da ta teloli suna nan a kowane babban gari, kuma sun san shagon da ke neman yaro da wanda ya cika. Kwamitin da ba shi da mace ko ɗaya shi ma gurgu ne. Matan da ke gumin shinkafa da masu shagunan ɗinki da girki suna ɗaukar 'yan mata aiki, kuma su ne za su faɗa maka abin da ke sa uba ya hana 'yarsa zuwa wurin koyo: nisa ne, ko lokacin tashi, ko rashin malama mace.

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne yadda ake yin tambayar. A tara mutane a zauren taro a ce, "Me kuke so mu koya wa yaran nan?" Amsar da za ka samu ba ta canzawa: tarbiyya, riƙon amana, zuwa aiki da wuri. Gaskiya ne, amma ba za ka gina darasin wata shida a kansa ba. Je ka same shi a wurin aikinsa ka ce, "Maigida, a ranin da ya wuce wane inji ne ya fi tsayar muku da aiki? Wa ya gyara? Daga ina aka kira shi, kwana nawa kuka jira?" Nan bakinsa zai buɗe.

Ɗauki shinkafa, tunda ita ce ta sauya kasuwar aiki a jihar. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, kamfanin WACOT ya buɗe masana'antarsa a Argungu a 2017, ga masana'antar shinkafa ta Labana a Birnin Kebbi, ga ƙanana barkatai. Wanda bai taɓa shiga ciki ba zai ɗauka aikin bai wuce ɗaukar buhu ba. Amma tsakanin shanshera da farar shinkafa akwai tukunyar tururi, akwai injin busarwa, da mai tsince tsakuwa, da mai ɓare ƙaiƙayi, da mai gogewa, a manyan wurare har da na'urar da ke ware baƙar ƙwaya da ido na lantarki. Kowanne yana da motar lantarki da boris da bel. Danshin shanshera kuwa sai ya sauka zuwa wajen kashi 14 cikin 100 kafin a casa. Idan ya yi yawa ƙwayar ta dagargaje, idan an busar da ita da gaggawa ta tsattsage ta fito gutsure. Yaron da ya iya riƙe na'urar auna danshi, ya iya jin ƙarar boris ya gane ya kusa mutuwa, ya san haɗin wuta mai layi uku, wannan ba zai daɗe yana neman aiki ba. Ba za ka ji ko ɗaya daga cikin waɗannan a zauren taro ba, sai a bakin inji.

Haka abin yake a fadama. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani da yawa suka fara komawa famfon sola, wasu kuma suka juya injin ban-ruwansu zuwa gas. Cibiyar da har yanzu darasinta ya tsaya a wanke kafireta da canza fulogi tana koyar da rabin sana'a ne. Mai sayar da kayan sola a kasuwa zai gaya maka ɓarnar da yake gani: an jera farantai a layi ɗaya har ƙarfin wutar ya wuce abin da na'urar daidaitawa za ta ɗauka ta ƙone, an bar famfo yana juyawa ruwa ya janye, an bar ƙurar hunturu ta rufe farantai ana zagin mai kaya. Kowace ɗaya darasi ce ta kwana biyu ko uku, da hannu, da mita.

A nan ne kuma ake gane yawan ɗinki da haɗa sabulu da man shafawa a shirye-shiryenmu. Ba don kasuwa ta nema ake zaɓarsu ba, don kayansu sun fi araha ne kuma sun fi kyau a hoto. Ɗinki sana'a ce mai albarka, ba wanda ya musa. Amma a tambayi shugaban teloli na unguwa yara nawa shagunansu za su iya ɗauka bana, kafin a yaye ninkin hakan.

Kalanda ma ana mantawa da ita. A sa zangon koyo a tsakiyar damina, lokacin da yaron ƙauye ke gonar mahaifinsa, sannan a ce matasa ba sa son koyo. Ko a tura masu koyon gyaran injin ban-ruwa sanin makamar aiki a watan Agusta, alhali aikin yana rani. Masu sana'a sun san watannin da aiki ke yawa, a tambaye su.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya ɓangaren, wanda masu cibiya masu kyakkyawar niyya ke faɗawa: ɗaukar duk abin da mai ɗaukar aiki ya ce tamkar yankan wuƙa. Shi ma yana da tasa buƙatar. Wani so yake a horar masa da yara a kan injinsa kaɗai, wani hannun banza yake nema, yaro ya shekara yana shara da sayo abinci bai taɓa riƙe sifana ba. Shawara ce aka nema, hukunci na cibiya ne. Kada a gina darasi a kan bakin mutum ɗaya. Abin da uku ko huɗu suka faɗa ba tare da sun ji juna ba, shi ne abin riƙewa. Kafin a miƙa yaro, a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, da Hausa, a gaban uba ko waliyyi: abin da zai koya, wata nawa, kuɗin abinci da na mota, wa zai biya magani idan ya ji rauni. Tabarau na walda da safar hannu da takalmi ba sa cikin abin da ake ciniki a kai, ko da maigida ya ce shi shekara talatin yana yi da ido tsirara.

Takardar shaida ita ce inda mai gareji ba zai taimake ka ba, domin shi hannu yake dubawa. Amma yaron wata rana zai nemi aiki a wurin da ba a san ubangidansa ba. Takardar da cibiya ta buga da kanta ba ta da nauyi a can. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai matakai uku, akwai jarrabawar NABTEB, wato hukumar shirya jarrabawar kasuwanci da fasaha ta ƙasa, akwai tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna ke kula da shi, wanda ke auna abin da mutum ya iya ko da a gareji ya koya. A haɗa darasi da ɗaya daga cikinsu tun farko. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma yake tafiyar da shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu, shi ma ƙofa ce da ya kamata a ƙwanƙwasa, haka malaman injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi.

Batun kuɗin zama gajere ne: kuɗin mota ya isa. Da zarar ambulan ya yi kauri, masu aikin yi za su daina zuwa, masu jiran ambulan su cika kujerun.

Abin da ke kashe kwamiti a hankali shi ne mutum ya ba da shawara bai ga inda ta shiga ba. A zama na gaba a fara da karanto abin da aka faɗa a baya, wanda aka aiwatar, da wanda aka bari da dalilinsa. Wata shida bayan yaye, wani daga cibiya ya ɗauki waya ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya, ya kuma zaga wurin iyayen gidansu: yana nan? Me ya iya, me ya kasa? Kayan da aka ba shi suna hannunsa ko sun tafi kasuwa? Idan zango biyu a jere aka yaye yara a wata sana'a ba wanda ya ɗauke su kuma ba su buɗe nasu ba, a dakatar da ita, a mayar da kuɗinta kan wadda masu shaguna ke zuwa da kansu suna tambayar yaushe za a yaye.