Yadda Malamin Aji Zai Tafi da Yaran da Karatu ke Yi wa Nauyi

A yawancin makarantun firamare na gwamnati da ke cikin birnin Kano, daga Gwale zuwa Fagge da Dala, malami ɗaya kan tsaya a gaban yaran da yawansu ya zarce 35 ɗin da manufar ilimi ta ƙasa ta tanadar wa aji guda, nesa ba kusa ba. A irin wannan cunkoso, yaron da ba ya ɗaukar karatu sunansa daƙiƙi, kuma da zarar sunan ya bi shi an daina tambayar abin da ke damunsa. Don haka aikin farko da ke gaban malami shi ne ya ajiye wannan suna, ya binciko takamaiman abin da ya shiga tsakanin yaron da darasi.

A fara da ido da kunne, domin su ne suka fi saurin ganowa. Malami ya rubuta haruffa manya da ƙanana a kan allo, ya tsayar da yaron a nisan mita 6, ya sa shi ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta, sannan ya sauya. Wanda ke ƙanƙance ido, ko yake kwafar rubutu daga littafin maƙwabcinsa maimakon daga allo, yana bukatar a duba shi a asibiti, kamar Asibitin Murtala ko asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari, kuma sau da yawa tabarau kaɗai ke raba gardama. Game da ji kuwa, malami ya tsaya a bayan yaron yadda ba zai ga bakinsa ba, ya raɗa wata kalma ya ce a maimaita. Yana da kyau a tambayi mahaifiyarsa ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ko kunnensa na zubar da ruwa, tun da waɗannan na daga cikin abubuwan da ke rage ji. A yi wannan tambaya a keɓe kuma cikin ladabi, saboda iyaye da dama suna ɓoye larurar ɗansu don gudun kada a ce su mayar da shi gida.

Bayan an gano matsalar, sai gyaran wurin zama, wanda ba ya cin ko kwabo. Mai ƙarancin gani da mai ƙarancin ji su dawo sahun gaba. Zabiya ma gaba ya dace da shi, nesa da hasken taga, a kuma bar shi da hularsa mai baki, a ɗauke masa tsayuwar rana lokacin taron safe, domin fatarsa da idanunsa ba sa jure ta. Malami ya riƙa faɗin duk abin da yake rubutawa da babbar murya, kuma ya daina yin bayani fuskarsa na kallon allo, domin yaron da ke karanta leɓe ya rasa darasin ke nan. Kurame a Kano suna da maganar hannu tasu tun da daɗewa, kuma malamin da ya nemi 'yan gidan yaron su koya masa alamu ashirin ko talatin zai ga bambanci cikin mako guda.

Akwai kuma yaran da idonsu da kunnensu lafiya lau, bakinsu da kaifi, amma rubutu ya gagare su. Irin wannan yaro yakan rikita b da d, balle kuma ɓ da ɗ, ko ya tsallake gaɓa a tsakiyar kalma. A aji ɗaya da na biyu wannan ba abin tayar da hankali ba ne, musamman ga wanda ya fara da karatun allo inda hannu ya saba tafiya daga dama zuwa hagu. Idan abin ya bi shi har aji uku, to a koma da shi kan sautin haruffa da haɗa gaɓoɓi, ba, be, bi, bo, bu, yana zana su da yatsa a kan yashi yana furtawa, minti goma kullum. A raba aji rukuni-rukuni gwargwadon inda kowa ya kai a karatu, a haɗa shi da abokin zama mai haƙuri. Bulala ba ta taɓa koya wa irin wannan yaro harafi ko ɗaya ba, abin da take koya masa shi ne laɓewa a lungu har a tashi. Haka nan mai in'ina, a bar shi ya ƙarasa maganarsa da kansa, kada a ƙarasa masa, kada kuma a bari aji ya yi dariya.

Larurar jiki na bukatar malami ya san abin yi tun kafin ta taso. Mai sikila a ƙyale shi ya sha ruwa ya kuma fita bayan gida duk lokacin da ya nema, ya sa rigar sanyi da hunturu, a kuma ajiye masa aikin kwanakin da ya yi a kwance. Idan farfaɗiya ta kayar da yaro, a janye benci daga kusa da shi, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, kuma idan jijjigar ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. A faɗa wa sauran yara ƙarara cewa ba a ɗaukar ta ta yawu. Mai keken guragu kuwa a sauko da ajinsu ƙasa, a nemi kwamitin makaranta ya zuba gangara a bakin aji da ta banɗaki, wadda kowane tsayin taku ɗaya zai samu tsawon taku 12. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta irin wannan gyara a gine-ginen jama'a, don haka shugaban makaranta yana da hujjar da zai kai wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB.

Wani uban zai ce makaho ko kurma ba shi da rabo a boko. Malami ya tuna masa da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da Suratu Abasa ta sauka a kansa lokacin da ya zo neman sani, wanda daga baya ya zama ladani a Madina. Idan larurar ta kai yaro na bukatar rubutun makafi na Braille ko cikakken yaren kurame, to a haɗa iyayen da makarantar masu bukata ta musamman ta Tudun Maliki, ko a nemi shawarar sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero.

Duk abin da aka gwada a rubuta shi a littafi guda: sunan yaro, abin da aka lura da shi, gyaran da aka yi, da abin da ya sauya bayan wata ɗaya. Lokacin jarrabawa a duba littafin, a ƙara wa wanda ke bukata lokaci, a yi wa wani tambayoyin da baki. Idan shekara ta ƙare, malami ya miƙa littafin hannu da hannu ga wanda zai karɓi ajin, su zauna ya yi masa bayanin kowane yaro da sunansa.