Kafin ka sa wa kyamarar tsaro SSD, yi wannan lissafin

Wani katin microSD ne ya fara koya mini cewa ma'ajiya tana mutuwa ba sallama. Na sa shi a kyamarar ƙofa, fitila na ci, hoto na zuwa a waya, hankalina kwance. Ranar da na je neman abin da ya faru jiya, sai na tarar hoton ƙarshe da ke ciki na wata uku baya ne. Katin ya daina karɓar rubutu, kyamarar kuma ta yi gum.

Ƙwayoyin ajiya da ke cikin kati da SSD, wato ma'ajiyar kwamfuta da ba ta da faifai mai juyawa, suna da iyakar sau nawa za a goge su a sake rubutawa. Kwamfutar aiki tana samun hutu, kyamarar tsaro kuwa ba dare ba rana: ta cika, ta goge, ta sake.

Saboda haka kada gudun da aka buga a jikin kwali ya ruɗe ka, kyamara ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma nasa. Nemi lambar TBW, wato jimillar terabayit ɗin da kamfani ya lamunce za a rubuta a kai. Sai ka ɗauko biro. Kyamarar da ke ɗauka a megabit 4 cikin daƙiƙa tana rubuta kusan gigabayit 43 a kwana, kusan terabayit 16 ke nan a shekara. In guda 8 gare ka, ka doshi 126. Samsung 870 EVO mai terabayit 1 lambarsa 600 ce, zai kai ka kusan shekara biyar. Ɗan'uwansa 870 QVO mai girma ɗaya 360 ne, ba zai cika shekara uku ba. Bambancin daga ƙwayar ne: na farko TLC, bit uku a kowace ƙwaya, na biyu QLC, bit huɗu, kuma yawan cushe shi ke kawo saurin gajiya. Ni dai QLC ba ya shiga na'urar ɗaukata.

Sayi wanda ya fi buƙatarka girma. Mai terabayit 2 yakan ninka lambar, don rubutun yana bazuwa a kan ƙwayoyi masu yawa. Kada kuma ka bari ya cika maƙil, bar masa kamar kashi 10 zuwa 20 ya riƙa juyawa. In kyamarorinka sun san H.265, wato tsarin matse bidiyo, kunna shi, rubutun zai ragu sosai.

Kati kuma, nemi wanda aka yi don wannan aikin, irin SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance, waɗanda ake auna ƙarkonsu da awoyin ɗauka.

Ɗaukewar wuta tsakiyar rubutu tana iya lalata faifan da ake ciki, wani lokacin har da taswirar ma'ajiyar. SSD irin na manyan kwamfutocin kamfanoni (server) yana da 'yan kafasito masu riƙe 'yar wuta da ke ƙarasa rubutun. In bai samu ba, haɗa na'urar ɗaukar da UPS, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. Zafi ma mugu ne, kada ka kulle ta a akwatin da iska ba ta ratsawa.

In ajiyar wata guda kake so daga kyamarori da yawa, gaskiya hard disk mai faifai irin WD Purple ko Seagate SkyHawk ya fi dacewa. SSD ya fi amfani inda ake girgiza, kamar cikin mota.

Yanzu duk farkon wata nakan buɗe manhajar CrystalDiskInfo in ga kashi nawa na rayuwarsa SSD ɗina ya ci, sannan in kunna hoton daren jiya in kalla da idona.